Jan Rini a Rijiyar Genara

Litinin, 3 ga Yuni, ƙarfe shida na safe

Mama ta ce in daina magana ni kaɗai a tsakar gida, kada maƙwabta su ce karatu ya taɓa min kai. To ga littafi na samu, da shi zan riƙa yi.

Kwanana uku da dawowa Tzalam. Tun da injin famfon gari ya ƙone a watan Afrilu mutane suka koma shan rijiyoyin gidajensu, yara bakwai suka kwanta da gudawa da amai. Shida sun miƙe. Ta bakwai ita ce Benita, 'yar ƙawata Genara, wadda katangar duwatsu kaɗai ta raba gidanmu da nasu. Shekararta biyu. Tana asibiti a Mérida, an ce abin ya taɓa ƙoda.

Garin nan kaf an gama yanke hukunci: gonar aladun da ke kudu da mu ce. Ni ma haka na ce tun kafin in sauko daga mota. Shugaban manoma, Don Evaristo, shi ya kira ni a waya. "Casilda, shekara goma kina karatun ruwan ƙarƙashin ƙasa, yau ga ranarki. Ki zo ki kama mana mutanen nan da hujja." Sun ɗauki lauya, an sa taro ranar talatin ga wata. A ranar zan karanta abin da na gano a gaban kowa.

Talata, 4 ga Yuni, da rana tsaka

Zafi kamar a cire fata a ajiye.

Rufino ya iso da kayan aiki. Shekararsa ashirin a ɗakin gwajinmu, ya girme ni nesa ba kusa ba, amma Dakta yake ce min don ya san ina jin haushi. Tun makon jiya ya rataye ƙullin gawayi a rijiyoyi goma sha tara da senote biyu, wato manyan ramukan dutse masu ruwa a ƙasa, yau ya kwashe ya sa sababbi. Na farkon su za su nuna mana ruwan ba shi da wani launi tun asali.

Na yi wa mata bayani a gindin bishiyar dandali. Ƙasarmu dutse ce mai ramuka, ruwa na tafiya a ƙarƙashinmu ta hanyoyin da ba wanda ya taɓa gani. Zan zuba koren rini a ramin da ke bayan shingen gonar, inda suke sakin ruwan wankin aladu. Gawayi yana shan rini ko da ido bai gani ba. Duk rijiyar da gawayinta ya nuna kore, to akwai hanya daga can zuwa nan.

Wata tsohuwa ta ce, "Yo mu da hancinmu ya gaya mana tun bara, sai an kawo gawayi daga birni?" Aka kwashe da dariya. Na ce hanci ba ya shiga kotu. Na sake roƙonsu su riƙa tafasa ruwa, suka ce to, irin to ɗin da na sani.

Alhamis, 6 ga Yuni, ƙarfe biyar na yamma

Na zuba. Kilo biyu, aka bi shi da tankar ruwa guda. Rabin gari sun zo kallo, masu gadin gonar suna ɗaukar mu hoto ta cikin waya, mu ma muna ɗaukarsu.

Dokar aikin ɗaya ce: mai zuba rini ba ya taɓa gawayi. Ƙurar da ta maƙale a farce ta isa ta ɓata gwajin wata guda. Saboda haka Rufino ko gaisawa ba ya yi da ni yanzu, daga nesa yake ɗaga hula. "Dakta, ki tsaya can, kin zama kuturwa sai wani makon."

Na ji daɗin yau. Zan faɗa, na ji daɗin yadda ake nuna ni ana cewa 'yar Doña Petrona ce. Mama ta sa farar rigarta mai surfani, wai zuwa kallon rami.

Asabar, 8 ga Yuni, a mota, wajen la'asar

Na je asibiti. Genara ta rame, idanunta sun faɗa. Mijinta ya baro aikin gini a Cancún ya zo, yana zaune a baranda ya rasa inda zai sa hannuwansa.

Benita ba ta gane ni ba. Ni ce fa na fara ɗora ta a kwankwaso tana wata uku, ranar bikin ɗauka, na zagaya tebur da ita, na danƙa mata fensir da allura a hannu kamar yadda ake yi. Tun ranar ni da Genara muka zama komadre, ba ma kiran juna da suna.

Genara ta riƙe min hannu ta ce, "Komadre, ki kama su. Ko me ya faru, ki kama min su." Na ce na yi alkawari. Ta ce ba ta tafasa ruwan ba sau biyu ko uku, itace ya jiƙe, shi ne abin da ke cin ta. Na ce ta cire wannan a ranta, ba ita ta zuba ƙazanta a ruwa ba.

Litinin, 10 ga Yuni, ƙarfe biyu na rana

Ina zana taswirar rijiyoyi a kan teburin Mama, gida-gida, sai na zo kan namu na tsaya. Muna da rijiya. A bakinta na girma, a cikinta takalmina ya taɓa faɗawa na sha duka. Na fita na duba. Inda take a da yanzu murfin siminti ne, Mama ta jera tukwanen furanni a kai. Shekara huɗu ina zuwa hutu ina wucewa ta gefensa, ban taɓa tambaya ba.

Kawu Higinio ya zo cin wake da naman alade, ba ya fashin Litinin. Shi ne maginin da ya yi wa Mama banɗakin zamani shekara huɗu da suka wuce, lokacin da na fara aiki. Ni na ce a yi, saboda gwiwarta, ta daina tsuguno a bayan gida.

Na ce, "Kawu, bututun banɗakin nan ina ya nufa?"

Ya nuna murfin da cokali. "Ga shi can."

Na ce, "Cikin rijiya?"

"To ina kike so ya je? Dutsen nan sai da nakiya ake fasa shi, wata guda ana fama. Ga rami Allah ya riga ya ba mu, tun da famfo ya zo ba mai ɗiba. Kuma ba ya cika, 'yata, har abada ba ya cika. Gida goma sha ɗaya na yi wa haka a garin nan, ba wanda ya dawo min da ƙara."

Ya faɗa yana alfahari. Ya ƙara wake.

Ba ya cika. Ai na san dalilin da ba ya cika, a kansa na rubuta jarrabawa.

Bayan ya tafi na auna da taku. Daga murfin zuwa rijiyar Genara taku hamsin da biyu ne, kuma tana arewa da mu. Ruwan ƙasar nan arewa yake tafiya.

Talata, 11 ga Yuni, da safe

Taku hamsin da biyu. Na sake aunawa, ko na yi kuskure. Ban yi ba.

Laraba, 12 ga Yuni, da azahar

Kore bai fito ko'ina ba tukuna. Ba abin mamaki ba ne, kilomita huɗu ce.

Akwai kwalbar jan rini a ƙasan akwatin Rufino. Sau uku na buɗe akwatin yau ina cewa batir nake nema.

Alhamis, 13 ga Yuni, ƙarfe goma na safe

Yau bikin San Antonio, Mama ta tafi coci tun bakwai. Na shiga banɗaki na kulle, na zuba jan rinin, na ja ruwa sau biyar.

Kaɗan na zuba. Daidai yadda na'ura za ta gani, ido ba zai gani ba. Na gaya wa kaina don kada a tsorata mutane ne. Littafin nan ba mutum ba ne, bari in faɗa masa gaskiya: don kada wani ya leƙa rijiyar Genara ya ga ja ya tambaya ne.

Dole na gaya wa Rufino, tunda ni ba zan taɓa ruwan ba. Bai tsokane ni ba, na so a ce ya yi. Ya ɗauki kwalabe ya tsallaka katanga, gidan ba kowa, ya ce zai riƙa ɗiba kowace awa.

Da Mama ta dawo ta tarar na ɗaure ƙofar banɗaki da waya. Na ce bututu ne ya fashe. Ta ce da safe lafiyarsa ƙalau. Na ce yanzu ya fashe. Ta ɗauki sandarta ta nufi bayan gida tana ɗingishi, na tsaya ina kallonta.

Asabar, 15 ga Yuni, ƙarfe huɗu na yamma

Rufino ya kira daga ɗakin gwaji.

"Dakta, kina zaune?"

Na ce ya faɗa kawai.

"Awa shida. Kwalba ta shida ya fara, ta takwas ya yi ƙarfi. Na maimaita sau uku da hannuna."

Na ce na gode. Ban san me ya sa na ce na gode ba.

Rini hanya yake nunawa, ba ya cewa ga ƙwayar cutar da ta kama wane. Haka nake koya wa ɗalibai. Yau na maimaita wa kaina wannan magana ya fi sau ashirin, ba ta yi min amfanin komai ba.

Lahadi, 16 ga Yuni, da rana

Na ce zan je asibiti yau. Ban je ba. Na wanke kayan Mama, har da waɗanda ba su yi datti ba.

Litinin, 17 ga Yuni, ƙarfe tara na safe

Sun kira daga asibiti.

Talata, 18 ga Yuni, da yamma

An binne Benita ƙarfe goma. Akwatin fari ne, mijin Genara shi kaɗai ya ɗauka, ba nauyi.

Ni aka ba furanni, tunda ni ce uwar ɗauka. A bakin kabari Don Evaristo ya yi magana a kan gonar, maza suka riƙa amsawa. Genara ta jingina da kafaɗata tun daga coci har maƙabarta. Nauyinta yana nan a kafaɗar har yanzu.

Alhamis, 20 ga Yuni, kafin faɗuwar rana

Addu'ar kwana takwas. Kullum da la'asar muna taruwa a ɗakin Genara, kyandir, hoton yarinya, ƙwaryar kunun masara a gabansa. Ba ta yarda kowa ya zauna kusa da ita sai ni.

Na sa an rufe rijiyarta da katako, na ce har a gama gwaji. Ni ke kawo musu ruwan jarka daga shago. Mata suna ta sa min albarka. Kai, da sun san me suke sa wa albarka.

Asabar, 22 ga Yuni, ƙarfe uku

Kore ya fito. Kwana goma sha shida. A senoten yamma da rijiyoyi uku na unguwar yamma, ba ko tantama. Ashe hancin tsohuwa bai yi ƙarya ba, gonar tana zuba mana.

A rijiyar Genara babu kore ko ɗigo.

Labari ya zaga gari kafin in gama waya. Don Evaristo ya zo har gida ya rungume ni, yana hawaye. "Kin fanshi yarinyar nan, Casilda." Ban yi ƙarya ba, ban kuma ce komai ba.

Litinin, 24 ga Yuni, da hantsi

Mun yi faɗa da Rufino a bayan mota.

Ni na fara. Na ce jan rinin ba ya cikin aikin da aka ba mu, gwajina ne na kaina, ba dole ya shiga rahoto ba. Idan ya shiga, lauyoyin gonar za su yi rawa har da juyi, su ce ga shi nan, mutanen da kansu suke ɓata ruwansu. Ƙarar gari ta mutu ke nan. Na ce zan sa a gyara na gidanmu a hankali, in bi sauran gidaje goman ɗaya bayan ɗaya, ba sai an yi shela ba.

Ya saurara har na gama. Ya ce, "Duk abin da kika faɗa yana da kai. Da wani ne ya faɗa da na yarda."

Na ce me yake nufi.

"Da a banɗakin Don Evaristo aka zuba jan nan, da tuni kin buga shi a shafin farko. Laifi tudu ne, Dakta."

Na ce ya iya bakinsa, ba garinsu ba ne, ba uwarsa ba ce. Ya ce gaskiya ne. Ya ce shi ba zai gaya wa kowa ba, amma ba zai sa hannu a rahoton da aka cire shafi ba. Sai ya tambaye ni gida nawa cikin goman nan ke da maƙwabci mai ƙaramin yaro, kuma wata nawa a hankalin nawa zai ɗauka. Na shiga mota na bugo ƙofa.

Huɗu. Na ƙirga a hanya.

Laraba, 26 ga Yuni, ƙarfe ɗaya na rana

An gama addu'a jiya.

Mama tana kwance a hamaka, gadonta na lilo, tana turawa da ƙafa ɗaya, ina tsintar wake. Ba ta ko dube ni ba ta ce, "Bututun nan bai fashe ba."

Na ci gaba da tsintar wake.

"Na haife ki. Ran San Antonio na ga ja a gefen farcenki, alhali kore kika zuba wa aladu. Kuma na ga mutumin nan naki yana tsallaka katanga da kwalabe." Ta tsayar da hamakar. "Jan ya je rijiyar Genara?"

Na ce ya je.

Ta rufe fuska da gyalenta. Da ta buɗe ta ce Kawu ya so ya fasa dutse ya yi rami daban, ita ta hana. Wai tana so in zo Kirsimeti in tarar an gama, in ga kyautar da na yi mata tana aiki. Na ce ba laifinta ba ne, ita ba ta sani ba, ni ce na sani ban tambaya ba. Ta ce in bar rabon laifi, ba tortiya ba ce, wainar masarar da muke rabawa a ci.

Sai ta ce, "Za ki faɗa a taro?"

Na ce ban sani ba.

"Ke Mérida za ki koma, Casilda. Ni a nan zan je niƙa, a nan zan je coci, ta ƙofar yarinyar nan zan riƙa wucewa har in mutu." Ba ta ce kada in faɗa ba. Na jira ta ce, ko wannan ko wancan, ta juya ta fuskanci bango.

Juma'a, 28 ga Yuni, da safe

Na buga rahoto iri biyu. Ɗaya shafi tara, ɗaya goma sha ɗaya. Suna nan a jaka.

Asabar, 29 ga Yuni, ƙarfe shida na yamma

Na je. Ban bi ta katanga ba, na zagaya ta ƙofar gidan Genara.

Tana bakin murhu tana yin tortiya, ita kaɗai. Ta ce, "Komadre, zauna, ga mai zafi." Na ce ba zan ci ba, magana na zo da ita. Na faɗa a tsaye. Tsohuwar rijiya, bututu, jan rini. Na ce kore bai zo wajenta ba. Na fara cewa rini hanya kawai yake nunawa, sai na ji muryata na daina.

Ba ta daina aiki ba. Ta juya wadda ke kan wuta, ta ɗora wata.

"Awa nawa?"

Na ce shida.

"Wato abin da kuka yi da safe, da rana ina ba 'yata."

Na ce haka ne.

Tortiya ta fara ƙonewa, ba ta cire ba. Sai ta ɗago ta dube ni, tunda na shigo sai lokacin.

"Kafin a binne ta kika sani, ko bayan?"

Da na ce bayan, ba mai ƙaryata ni sai Rufino, kuma ba zai yi ba. Na ce kafin. Kwana biyu kafin ta cika.

"Kika riƙe furanni. Kika zauna kusa da ni kwana takwas, ina kuka a jikinki."

Na ce eh.

"Fita min daga gida, Casilda."

Na fita.

Lahadi, 30 ga Yuni, ƙarfe biyar na yamma

Zauren manoma ya cika har waje. Lauya a gefen tebur da jakarsa. Mama ta zo, ban ce ta zo ba, ta zauna a layi na uku. Genara tana can baya da baƙin gyale.

Na karanta shafi taran farko. Da na zo kan kore aka yi tafi, wasu suna buga ƙafa. Lauya ya fara tattara takardu. Na ce ban gama ba.

Ban kai rabin shafi na goma ba wuri ya kaure. Don Evaristo ya dafa takardar ya ce a hankali, "'Yata, wannan maganar cikin gida ce, ki bari mu yi ta daga baya." Wani daga baya ya ce nawa gonar ta ba ni. Kawu Higinio ya miƙe yana rantsuwa cewa haka ubansa ma ya yi, ba wanda ya mutu, sai ya ji abin da ya faɗa, ya koma ya zauna.

Genara ce ta tashi. Ba ta ɗaga murya ba, amma aka yi tsit.

"Ku bar ta ta karanta. 'Yata aka binne, ba ta kowa ba. Ina so in ji a gaban mutane."

Na karanta. Gida goma sha ɗaya, da sunayen masu su, namu a farko: gidan Petrona Dzul, awa shida zuwa rijiyar maƙwabta. Ban tsallake ba. Na ce gonar na da laifi kuma hujja na nan, mu ma muna da namu. Ba wanda ya tafa. Lauya ya ce ƙarar za ta yi wuya yanzu, amma ba ta mutu ba. Wata mata mai goyo ta tambaye ni wace rijiya ce kusa da gida na bakwai, na gaya mata, tata ce.

Da aka watse na tsaya a bakin ƙofa da Mama, ko Genara za ta ce min wani abu, ko da zagi ne. Ta zo ta wuce ni kamar ba kowa a wurin. A gaban Mama ta tsaya. Tun tana rarrafe ba ta taɓa kiranta da wani suna ba sai Mama, a cinyar Mama aka yi mata kitson aure.

Ta ce, "Ina wuni, Doña Petrona."